Ciwon Wuta a Motocinmu na Hannu



Duk wanda ya saba fitowa daga masallaci bayan sallar Asuba a nan unguwar Briketeri, musamman a kwanakin damina, da wuya ya kai ƙofar gidansa bai gamu da samari uku ko huɗu sun dafa bayan wata 'yar ƙaramar mota suna tura ta zuwa gangare ba, direba yana ciki ya leƙo da kai ta taga yana cewa a ƙara ƙoƙari, har dai motar ta yi tari ta tashi, ko kuwa ta ƙi, a jingine ta a bakin kwata a tafi neman mai gyara. Wannan al'amari ya yawaita har an daina ƙidaya shi cikin musibu, alhali kuwa idan aka dubi dukiyar da yake ci, da lokacin da yake ɓatawa, da zumuncin da yake yankewa tsakanin mai saye da mai sayarwa, lalle ya cancanci a zauna a yi magana a kansa cikin natsuwa. Abin da nake nufi shi ne ciwon wuta da ke damun ƙananan motocin nan na hannu da ake kawo mana daga Turai, su Starlet da Yaris da Corolla da 'yan'uwansu, waɗanda su ne abin hawan mai ƙaramin ƙarfi, su ne kuma hanyar abincin direbobin taksi masu ruwan ɗorawa da suka cika titunan Yawunde.

In ka zauna da dare a majalisar direbobi wajen masu tsire, ka kasa kunne, za ka ji koke-kokensu kusan iri ɗaya ne. Wannan ya ce watan jiya ya sayi sabon batir, amma da zarar motar ta kwana biyu ba a tashe ta ba sai a iske shi ya mutu murus. Wancan ya ce gilashin ƙofarsa ya sauka ya ƙi hawa ana tsakiyar ruwan sama, fasinjoji suka jiƙe sharkaf, wata hajiya ta sauka ba ta biya ba. Wani kuwa in ya taka birki sai sigina ta kama ƙyaftawa, in ya danna ham sai fitilun gaba su dushe, kuma ya rantse da Allah cewa motarsa an yi mata asiri. Akwai kuma wanda injinsa yake mutuwa haka kawai a tsakiyar hawan Tsinga, ya huta minti biyar ya sake tashi kamar babu abin da ya faru, har mai gyara ya gaji da shi, domin duk ranar da aka kai motar gareji sai ta yi lafiya lau.

To, kafin a ɗora laifi a kan kowa, ya kamata mu san tarihin abin da muke hawa. Starlet ɗin nan ta da, wadda direbobinmu suke ƙauna saboda ƙarancin shan mai da sauƙin kayan gyara, kamfanin Toyota ya daina ƙera ta tun shekarar 1999, a shekarar da Yaris ta gaje ta, watau ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta riga ta haye shekara 25 a duniya. Mafi yawan motocin nan sun gama rayuwarsu ta farko a ƙasashen sanyi, sannan dillalai suka tara su a unguwar Heyvaert ta birnin Burasels a Beljiyam, aka loda su jirgin ruwa a Antwerp, aka sauke a Duwala, aka biyo da su hanyar nan mai tsawon kimanin kilomita 240 zuwa gare mu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani rahoto a watan Oktoba na 2020, inda ta bayyana cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu har miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufo. Hukumomin ƙasar Holan kuma sun binciki waɗanda ake fitarwa ta tashoshinsu, suka tarar da yawansu shekarunsu tsakanin 16 ne da 20, kuma akasarinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki a ranar da suka bar can.

Shekaru kaɗai ba su ne illar ba. A can Turai, idan hunturu ya yi tsanani, gishiri ake watsawa a kan tituna domin ya narkar da ƙanƙara, kuma wannan ruwan gishiri yana fantsama ƙarƙashin mota shekara da shekaru, yana shiga duk mahaɗar waya, yana cin ƙarfe a ɓoye. Mai saye ya zo ya ga fenti yana walƙiya, kujeru tsaf, ya ce ai wannan Bature ko Baturiya ce ta hau, bai san cewa abin da zai hana shi barci yana can ƙarƙashin inji inda ido ba ya kaiwa ba.

A nan ya dace in ɗan tsaya in bayyana wata ƙa'ida guda, wadda idan mai mota ya fahimce ta, rabin abin da yake ɗauka sihiri ne zai zama masa sarari. Wutar mota ba ta aiki sai ta fita daga batir, ta bi waya ta isa fitila ko ham ko wani abu, sannan ta sami hanyar komawa batir ɗin. Maƙeran mota kuwa, domin tsimin waya, ba su ja wa kowace fitila hanyar komawa ta daban ba, sai suka mai da jikin motar kansa, watau ƙarfenta, ya zama hanyar komawa, suka ɗaure gajerun wayoyi a jikin da kusoshi a wurare daban-daban. Idan tsatsa ta ci gindin ɗaya daga waɗannan kusoshi, wuta ta zo komawa ta iske ƙofa a rufe, sai ta nemi wata hanya ta cikin fitilar da ke maƙwabtaka da ita, shi ya sa mutum zai taka birki sigina ta amsa. Gyaran wannan, sau da yawa, bai wuce a kwance kusa guda, a goge ta da takardar yashi har ƙarfe ya yi haske, a shafa ɗan man giris a mayar ba. Amma nawa ne daga cikinmu aka sa suka sayi sabon batir, suka sayi altaneta, suka sayi sitata, ciwon yana nan inda yake?

Sa'an nan sai motar ta iso ƙasarmu ta gamu da tata sabuwar jarrabawar. Yawunde gari ne na tuddai da ruwa, damina biyu muke yi a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma kowa ya san yadda ƙasan gari yake zama in kogin Mfoundi ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a wajen babban gidan waya da titin Kennedy. Motar da ta kutsa wannan ruwa, ko da ta fita da ƙafarta, laima ta riga ta shiga ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa inda damin wayoyi yake bi, kuma sakamakon ba ya bayyana sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da mai ita ya manta da ranar. Ga masu wankin mota da ke buɗe murfin inji su saki tiyo a kan akwatin fiyus da kyakkyawar niyya. Ga ɓeraye da ke kwana a cikin inji saboda ɗumi suna gaigayar robar waya. Ga zafi, wanda yake rage kwanan batir fiye da yadda sanyi yake yi. Ga mu kuma da kanmu, da muke ɗora wa 'yar motar da aka auna wutarta daidai buƙatarta manyan lasifikoki, da ƙarin fitilu, da ƙararrawar ɓarayi, da wurin cajin wayoyin hannu, ko wanne an fere robar wata waya an murɗa shi a kai an naɗe da baƙin tef, tef ɗin kuwa wata shida ya saki.

Duk wannan da na ambata uzuri ne ko rabin uzuri. Yanzu zan zo ga abin da ba ni da uzurin da zan ba shi, kuma shi ne dalilin wannan sharhi.

Waɗanda suka ƙera motar nan sun san waya tana tsufa, saboda haka suka sa mata shaidu guda biyu masu faɗin gaskiya. Na farko shi ne fiyus, wani ɗan siririn ƙarfe a cikin 'yar roba mai launi, ja na amfiya 10, shuɗi na 15, rawaya na 20, kore na 30, wanda aka yi shi da gangan ya zama mafi rauni a duk hanyar, domin idan wayoyi suka haɗu wuta ta yi yawa, shi ya ƙone ya yanke ta kafin ta ƙona motar. Na biyu su ne ƙananan fitilun nan na gaban direba, mai siffar batir, da mai siffar butar mai, da mai siffar inji, waɗanda suke kamawa domin su ce akwai matsala. Abin baƙin ciki shi ne, a maimakon mu saurari shaidun nan, mun koyi toshe musu baki.

Ku zo mu tsaya a bakin wata rumfar mai gyaran wuta da hantsi. Direba ya iso, fitilun baya sun mutu, 'yan sanda sun tare shi jiya. Yaron shago ya buɗe akwati ya zaro fiyus shuɗi, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ga ya yanke. Aka sa sabo, kafin a rufe akwatin ya sake ƙonewa. Maigidan shagon, dattijo mai sanin aikinsa, ya ce, “Ɗana, wayarka tana taɓa jiki a wani wuri. Ka bar mini motar zuwa La'asar in bi ta.” Direba ya dubi rana, ya tuna kuɗin da zai kai wa mai motar da yamma, ya ce, “Baba, don Allah ka yi mini dabara in kai gobe, ban yi ko sisi ba tun safe.” Nan sai a tsinko silin jan ƙarfe uku ko huɗu daga wata tsohuwar waya, a naɗe ƙafafun mataccen fiyus ɗin da su, a cusa. Fitila ta kama, direba ya yi godiya ya tafi yana murna, goben kuwa ba ta zuwa. Ciwon yana nan, abin da aka cire kawai shi ne mai tsaron da zai yanke wutar, kuma daga wannan rana wayar da ke bi ta ƙarƙashin kujerar fasinja ita ce za ta riƙa ɗaukar zafin, har ranar da robarta za ta narke a cikin cunkoson kasuwar Mokolo, mota cike da mutane, tanki cike da mai.

Ina tausaya wa direban nan ƙwarai, kuma ban yarda a zarge shi shi kaɗai ba. A watan Fabrairu na 2024 litar fetur ta koma sefa 840, kuɗin ɗaukar fasinja da rana kuwa 350, kuma fasinjoji da yawa ma sai sun yi tayin ƙasa da haka. Mutumin da yake cikin wannan ƙunci, yinin da motarsa ta yi a gareji yinin yunwa ne a gidansa. Amma wanda ya mallaki motar, yana zaune yana karɓar kuɗinsa kowace yamma, shi ne ya wajaba ya yafe wa direbansa kuɗin yini guda domin a yi gyara na gaskiya, domin rayukan da ke cikin motar amana ce a wuyansa kafin ta zama a wuyan yaronsa.

Mafi muni daga wannan shi ne abin da ake yi wa shaida na biyu, domin shi ba larura ce take kawo shi ba. Mutum ya ga fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa, ya yi niyyar sayar da motar, sai ya kai ta a kwance allon gaban direba, a zare ƙwan fitilar ko a liƙe fuskarta da baƙin tef daga ciki, a mayar. Mai saye ya zo ya tashi mota, ya ga allo fes babu wata alama, dillali yana gefe yana cewa, “Alhaji, wannan ai ko makulli ba a taɓa canja mata ba.” A biya, a yi addu'a, a watse. Wannan, jama'a, ba ya buƙatar dogon ijtihadi. Sunansa algus, kuma malamai suna kiran wannan nau'i nasa tadlisi, watau ɓoye aibin haja ga mai saye. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaurukan unguwar nan ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani har ya kai babin ciniki, ya san cewa mazhabarmu ta Malikiyya ta haramta ɓoye aibi, ta kuma ba wanda ya sayi abu ya iske tsohon aibi a cikinsa zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Kuma Imam Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki ya ji laima, mai abincin ya ba da hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tuhume shi a kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma barranta daga mai yin algus. Motar da ta kwana a cikin ambaliya aka busar da shimfiɗarta aka fesa mata turare, hukuncinta bai bambanta da na wannan abinci ba ko kaɗan. Dillalin da ya sani ya yi shiru, da mai gyaran da ya zare ƙwan yana sane da abin da za a yi da motar, duka suna da kaso a cikin alhakin, kuma ladan da suka karɓa ba shi da tsarki.

Adalci kuma ya sa in faɗi cewa wani aibin daga maƙera yake fitowa. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 7.4 a duniya, cikinsu har da Yaris da Corolla, saboda makunnin gilashin ƙofar direba, wanda ba a shafa masa mai daidai ba a masana'anta, yana iya cijewa, ya yi zafi, ya narke har ya yi hayaƙi. A Oktoba na 2015 ya sake kiran wasu miliyan 6.5 a kan makunnin nan dai. Kamfani ya yi abin da ya kamata da ya fito ya faɗa, amma takardar kiranye tana zuwa ne ga wanda sunansa yake cikin rajista a can, motar kuwa watakila ta riga ta sauya hannu sau huɗu tana ɗaukar fasinja tsakanin Briketeri da Mvog-Ada. Saboda haka mai irin wannan mota, in ya ji makunnin gilashinsa yana cijewa ko yana ɗumi, kada ya yarda a fesa masa man da ake fesa wa kusoshi, domin shi ne ma yake ƙara haɗarin. Ya kwafi lambar shasin motarsa, haruffa da lambobi 17 ne, ya je wurin wakilin kamfanin ya tambaya ko tana cikin waɗanda aka kira.

Game da masu gyaran wutarmu kuwa, ina ganin girmansu, domin na ga wanda bai taɓa shiga aji ba yana bin waya guda a cikin dami mai ɗauke da hamsin, da ɗan ƙwan fitila da wayoyi biyu kawai, har ya kamo inda ta ƙuje. Wannan baiwa ce, kuma shekarun koyo a ƙarƙashin maigida ne suka haife ta. Sai dai zamani ya juya. Tun 1998 sababbin motocin Turai suke fitowa da na'urar da ke hana inji tashi in ba da makullinsa na asali ba, tun 2001 kuma aka wajabta wa masu amfani da fetur wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanta abin da kwamfutar motar ta rubuta game da ciwonta. Irin wannan mota, tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir inji yana aiki domin a gane ko altaneta tana caji tana iya ƙona kwamfutar nan take, kuma kuɗinta ya ninka na gyaran da aka zo yi sau da yawa. Alhali 'yar na'urar awon wuta, wadda kuɗinta bai kai na tayar mota guda ba, tana ba da amsa cikin minti ɗaya ba tare da ɓarna ba: batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, in an tashi inji ya hau zuwa wajen 14, in bai hau ba altaneta ce ko bel ɗinta, in kuwa ya zarce 15 tana dafa batir ɗin ne. Haka kuma batirin da ke mutuwa da dare, da ita ake auna abin da ke tsotsarsa bayan an kashe mota, ana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda in an zare shi tsotson ya tsaya, kuma sau da yawa sai a iske rediyon da aka jona ba bisa ƙa'ida ba ne, ko 'yar fitilar but da ba ta mutuwa. Maigidan da ya sayi wannan na'ura ya koya wa yaransa karanta ta bai rage wa kansa daraja ba, itƙani ya ƙara wa sana'arsa.

Kai kuma mai niyyar saye, ɗan'uwana, ga abin da ba zai ci maka ko sefa ɗaya ba. Kada ka sayi mota da dare, kada kuma ka sayi wadda ka iske an riga an tashe ta tana jiranka. Ka murɗa makulli zuwa mataki na biyu ba tare da ka tashi inji ba, ka dubi allo: dole fitilar batir da ta mai da ta inji su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan inji ya tashi, kuma wadda ba ta kama ba tun farko ita ce za ka yi tambaya a kanta. Ka buɗe akwatin fiyus ka duba da idonka ko akwai mai naɗin jan ƙarfe. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sa hannu, ka sunsuna. Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga yawan baƙin tef. Ka tafi da mai gyaran wuta naka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Sannan ka tambayi mai motar a gaban shaidu biyu ko ya san wani aibi a cikinta, a rubuta amsarsa a takardar ciniki.

Ina roƙon limamanmu na Briketeri su sanya wannan mas'ala cikin huɗubar Juma'a, da sunanta, kamar yadda suke ambaton tauye mudu. Ina roƙon shugabannin masu gyara su haɗu su yi ittifaƙi cewa babu wanda zai ƙara naɗe fiyus ko ya zare ƙwan gargaɗi a rumfarsa, ko nawa aka ba shi. Mai mota kuma da yake saurarona yanzu, gobe da safe kafin ka fita, ka buɗe akwatin nan ka duba, in ka ga jan ƙarfe a inda fiyus ya kamata ya kasance, kada ka ɗauki fasinja sai an cire shi.